Finjalin da Baƙo Ya Ajiye a Ƙasa

Shekara goma sha tara ina gadin makarantar ƙauyenmu. Ni ke share ajujuwan nan biyu, ni ke buga ƙararrawa, ni ne kuma mai zuba gahawa duk ranar bikin ƙarshen shekara. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin wani daga ofishin ilimi ya tako wurin bikin ba, ko sau ɗaya. Saboda haka ranar da Malama Wijdan, shugabar makarantar, ta ce mini wani Ustaz Zuhair daga ofishin ya yi waya zai zo, sai na jingine tsintsiya na ce, "Shi ke nan, ta faru ta ƙare."

Ta ce, "Abu Nayif, cewa kawai ya yi zai zo biki."

Na ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza."

Tun hunturu ake ta raɗe-raɗin cewa duk makarantar da yaranta ba su kai talatin ba za a rufe ta, a riƙa kwashe yaran a mota zuwa Tafila, babban garin yankinmu. Mu kuwa ashirin da uku gare mu, har da ɗan gidan Abu Sakhar wanda rabin shekara yana bin tumaki. Kowa ya damu, amma ni tawa damuwar ta fi ta kowa, saboda jikata Rahaf. Yarinyar tana in'ina. Shekara biyu ta yi a makarantar Tafila lokacin da ubanta ke aiki can, a ajin da ya kusa mutum hamsin, suka yi ta yi mata dariya har ta daina magana gaba ɗaya, ko a gida sai da ka. Da muka dawo da ita, Malama Wijdan ta zaunar da ita a bencin gaba, ta hana kowa ƙarasa mata kalma. In Rahaf ta maƙale, aji duka sai ya jira. Shekara guda ana haka kafin bakinta ya buɗe. A ce a mayar da ita can?

Haji Mufleh, dattijon ƙauyenmu, shi ya kawo dabara. Ya ce a yanka raguna biyu maimakon ɗaya, a yi mansaf, shinkafa da naman rago a miyar nono, irin wanda ba a taɓa yi ba, a cika wa mutumin ciki da shinkafa da nama har kunya ta hana shi fito da takardar rufewar. Mata suka kwana biyu suna jiƙa busasshen nono. Muka kafa tantin gashin akuya a tsakar makaranta, muka shimfiɗa katifu, yara suka manna zane-zanensu a bango. Ni kuwa tun bayan asuba na soya gahawata, na daka ta da kaina.

Da hantsi sai ga shi a wata ƙaramar mota fara. Siriri ne, da tabarau, da jaka a hammata. Jakar nan kowa ya zuba wa ido. Haji ya tarbe shi, ya zaunar da shi a damansa. Na zo da buta a hannun hagu, finjali a dama, na ɗanɗana na farko a gabansa kamar yadda aka saba, na zuba masa nasa.

Ya karɓa. Ya dube shi. Sai ya sunkuya ya ajiye finjalin a ƙasa, a gabansa, bai kai baki ba.

Har matan da ke bayan labule suka daina surutu. A al'adarmu baƙo ba ya ajiye gahawa sai yana da buƙata, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce masa an biya. In aka bar ta ta huce a gabansa, abin kunyar zai bi ƙauye har jikoki. In kuma Haji ya ce an biya, to ya ba da makaranta da bakinsa, a gaban shaidu. Gaba kura, baya sayaki.

Ustaz Zuhair ya gyara murya. "Haji, dama na zo ne..."

Haji ya tafa hannu da ƙarfi. "Malama! Ina yaran? A fara, a fara, baƙonmu ya sha hanya!"

'Yan aji ɗaya suka fito suka rera waƙar haruffa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon tururin finjalin nan yana raguwa. Na ce a raina, ba dai a hannuna ba. Na sunkuya na ɗauke shi, na zubar a bayan tanti, na zuba mai zafi na mayar daidai inda yake. Mutumin ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. In ba ta huce ba ai ba a yi abin kunya ba, ko?

Waƙa ta ƙare. Ya sake gyara murya.

Haji ya ce, "Kyaututtuka! A raba kyaututtuka!"

Aka raba. Mai zuwa kullum, mai kyawun rubutu, mai tsafta. Da kyaututtuka suka ƙare Haji ya ce a ba ɗan Abu Sakhar ma, aka tambaye shi ta me, ya ce ta kiwo. Na sauya finjali na uku, na huɗu. Yara maza suka yi rawar dabka, suka gama, Haji ya ce bai ga farkon ba, a sake. Suka sake har gumi ya jiƙa musu riguna. Matata, Ummu Nayif, ta leƙo ta gefen labule tana yi mini raɗa da ƙarfi.

"Kai tsoho, shinkafa ta fara daskarewa! Me kuke jira?"

"Koma ciki, mace, ana yaƙi a nan."

"Yaƙin da ake yi da buta? Allah ya ba ku nasara."

Na shida na sauya lokacin da Malama Wijdan ta zo kusa da Haji ta ce a hankali saura abu ɗaya kawai a takardarta. Rahaf ce, da waƙar da ta haddace a kan girbin alkama. Yarinyar ta fito cikin farar riga, ta tsaya a tsakiya, ta buɗe baki, sai kalmar farko ta maƙale. Ta yi, ta yi, ta ƙi fita. Yara ashirin da biyu suka zauna shiru suna jira, babu wanda ya motsa, babu wanda ya yi murmushi. Manya ma muka jira. Can sai ta fito, sauran suka biyo ta, ta maƙale sau biyu a tsakiya ta wuce, ta kai ƙarshe. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni dai na juya baya na yi kamar ina gyara murfin buta, don hawaye sun zubo mini kuma ba na son Abu Sakhar ya gani.

Da na juyo sai na ga baƙon ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. Na ce a raina, goge da kyau, ka ga abin da ka zo rushewa.

Yanzu babu sauran waƙa, babu rawa. Finjali na bakwai yana ƙasa yana tururi, butata kuma ta yi sauƙi a hannu. Haji ya dube ni, na girgiza masa butar don ya ji saura kaɗan. Ya shafa gemu. Na san abin da zai yi, sai na manta da girmansa, na manta da baƙo.

Na ce, "Haji, don Allah kada ka faɗa. Gara a zage mu."

Ya ce, "Abu Nayif, ubana bai bar gahawar baƙo ta huce ba, ba a kaina za a fara ba." Ya juya wurin mutumin. "Ustaz, sha gahawarka. Abin da ka zo nema, ka samu."

Wata mata ta fashe da kuka a bayan labule. Ni kuwa na tsuguna a inda nake.

Ustaz Zuhair ya ɗauki finjalin da hannu biyu, amma bai sha ba tukuna. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Haji. Ina da 'ya, sunanta Lujain, shekararta takwas. Tana in'ina. Tun watan azumi ba ta ce uffan ba a makaranta, yanzu ko ni ba ta yi wa magana. Wata malama ce ta ba ni labarin yarinyar nan taku, na ce sai na zo na gani da idona. Na gani. Ba ni da gida a nan, ba ni da dangi, na san kuma makarantar ta 'ya'yanku ce. Roƙo nake ku karɓe ta a shekara mai zuwa. Ni zan riƙa kawo ta kullum da safe in dawo in ɗauke ta."

Haji ya dubi jakar, ya dubi mutumin.

Abu Sakhar ne ya yi ta maza. "To... takardar fa?"

"Wace takarda?"

"Ta rufe makaranta. Wadda ke cikin jaka."

Mutumin ya buɗe jakar. Littattafan labarai ne guda shida da ya kawo wa yara. Ya ce, "An yi wannan magana bara, aka bar ta saboda nisan hanya. Wa ya ce muku za a rufe? Da za a rufe ta, zan zo in roƙa wa 'yata wuri a cikinta?"

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Guɗa ta tashi kamar ana ɗaurin aure, Haji yana ta "Alhamdu lillahi" yana dukan gwiwarsa, Abu Sakhar ya rungume ni har buta ta kusa faɗuwa. Hanyar nan da muka yi wata shida muna kukan za a sa 'ya'yanmu su bi, ga wani yana roƙon a bar shi ya biyo ta zuwa wurinmu.

Sai Haji ya ce, "Tsaya tukuna. Wa ya fara kawo maganar rufewar nan?"

Ido ya dawo kaina. Na ce direban motar kasuwa ne ya gaya mini. Ummu Nayif ta ce daga bayan labule, "Direban ya ce wai, shi kuma ya cire wai ɗin a hanya." Aka yi ta dariya, na bar su, ranar ko mari aka yi mini zan ce na gode.

Ustaz Zuhair ya kai finjalin baki ya shanye. Ya miƙo, na ƙara, ya sake miƙowa, na tatse masa ɗigon ƙarshe, sannan ya girgiza finjalin alamar ya isa. Ya ce, "Baba, tun ɗazu nake jin ƙamshinta kana zubarwa, raina yana ƙuna." Na ce laifinsa ne, da ya shigo ya bar jakar a mota da tuni mun ci abinci.

Shinkafar ta daskare kam, amma ba a bar ko ƙwara ba. Bayan la'asar aka naɗe tanti, mata suka kwashe farantansu, na shiga aji ina ɗora kujeru a kan tebura kamar kowace shekara. Sai ga Rahaf a bakin ƙofa. Ta nuna bencin gaba, wanda ƙafarsa ɗaya ke rawa tun bara, wanda take zaune a kai ita kaɗai.

Ta ce, "Ka-ka-kaka." Na ajiye kujerar da ke hannuna na jira. "Ka gyara shi. Mu biyu ne yanzu."

Ban bari sai an dawo hutu ba. Na je gida na ɗauko guduma.