Shirun da ke Tsakiyar "Kifin Laraba"

Duk wanda ya yi samartaka a garin Ballarat ya san "Kifin Laraba", waƙar da ta fito da ƙungiyar Kujerun Roba. Waƙar kanta hayaniya ce kawai, jita na kuka, ganga kamar ana dukan garwa. Abin da ya sa ta yi tashe shi ne shirun tsakiyarta: ana cikin kiɗa sai tsit, har ka ɗauka rediyonka ya lalace, sannan a ci gaba. Malaman jami'a sun yi ta rubuce-rubuce a kan shirun nan. Wani saurayi ma cewa ya yi shirun ne ya hana shi barin gida.

Warwick, mawaƙinsu, ya san gaskiya, kuma ita ke cin ransa. A kulob ɗin tsofaffin sojoji suka ɗauki waƙar, don ɗakin kyauta ne. Al'adar wurin kuwa, shida na yamma na yi a kashe wuta, kowa ya miƙe ya yi shiru don waɗanda suka mutu a yaƙi. Suna cikin kiɗa aka kashe musu wuta, komai ya tsaya, na'urar ɗaukar murya mai batir ta ci gaba da juyawa. Iyakar hikimar ke nan.

Amma Narelle, matarsa, ce mata ya yi ganinta a bakin ƙofa ne ya ɗauke masa numfashi, shi ya sa waƙar ta tsaya. Da wannan zancen ya nemi aurenta. Yanzu ga kulob ɗin ya gayyace su bikin tunawa da waƙar, an kuma sa su hau dandali dab da shida. Warwick ya tsorata ƙwarai. Yana son matar nan, ya kuma tabbata wuta na ɗaukewa za ta gano komai. Ya roƙi manajan kulob ɗin a canja lokaci, manaja ya ce bayan nan lokacin cacar da ake cin tiren nama ne, ko gwamna bai isa ya taɓa ta ba.

Suka fara. Aka kai tsakiya, wuta ta ɗauke, tsofaffi suka miƙe da sandunansu. Warwick ya sauko, ya laluɓo ta a duhu.

"Narelle, ƙarya na yi miki," ya raɗa mata.

"Yi shiru, ana girmama matattu."

Da aka kunna wuta ta dube shi. "Kai dai sakarai ne, Warwick. Wa kake tsammani ya kashe wutar a wancan ranar? Aikina ke nan a nan, kafin ka san ni. Shida ma ba ta yi ba. Waƙar ce ta ishe ni, tsofaffin kuma suka miƙe don sabo."

"To me ya sa kika aure ni?"

"Kowa ya rufe ido, kai kaɗai kake leƙena."

Mai ganga ya ƙwala masa kira. Warwick ya koma dandali, ya buɗe baki, ya hango ta kusa da makunnin wuta, sai baitin ya ɓace masa.