Jiragen Rakiya

Gefen linzamin kwamfutar Baba ya koɗe, daidai inda babban yatsansa ke zama. Na lura da hakan ranar da ya dawo daga asibiti da bandeji a ido ɗaya.

Wata bakwai ke nan yana wasan nan na kafa daula a sararin samaniya: ka mallaki duniyoyi, ka haƙo ƙarfe, ka ƙera jirage. Ni na koya masa bayan ya yi ritaya. Maƙwabcinsa a taswirar wasan kuwa Baffa ne, ƙaninsa. Shekara biyu ba sa magana, tun wata kalma da ta fita a gaban mutane ranar rasuwar Kaka. Ba waya, ba ziyara. Amma kowace safiya Baba zai tura masa jirage uku cike da ƙarfe, shi kuma ya maido su cike da mai. Iyakar gaisuwarsu ke nan.

"Auta, likita ya hana ni kallon allo kwana uku," in ji Baba. "Ki tura wa mai taurin kan nan kayansa. Uku kawai. Kada ki zuba min ilimin jami'a a ciki."

Da na buɗe wasan, na ga jiragen babu mai tsaronsu, ga 'yan fashi kusa da hanya. Sai na haɗa su da jiragen yaƙi shida don rakiya, har ina yaba wa kaina. Na manta ƙa'idar da ni na karanta wa Baba: idan jirgin yaƙi ya ƙetare iyaka ba izini, to an shiga yaƙi. Kafin in ankara sun buɗe wuta a kan tashar da Baffa ya yi wata huɗu yana ginawa. Na yi ta danna umarnin janyewa, amma ta riga ta tarwatse.

Na rufe kwamfutar. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari da yamma Baffa ya yi sallama, riƙe da ledar lemo. Ashe ya ji labarin aikin idon. Ya ƙi zama.

"Yaya, da ka ce ka gaji da ni, ai da na bar maka wasan salin alin."

"Wace magana ce wannan?"

"Jiragen yaƙi shida. Na ƙirga."

Baba ya juyo da lafiyayyen idonsa kaina. Ina tsaye a bakin falo da tiren shayi. Maganar tana bakina, gajeriya ce ma: ni ce, Baffa. Amma na tsaya ina kallon kofuna.

Baba ya jira ni kaɗan. Da ya ga ba zan iya ba, ya gyara zama ya ce, "Haba, wasa ne fa. Zauna ka sha shayi."

 Baffa ya ajiye ledar a kan tebur, ya raɓa ta gefena, ya sa takalmansa ya fita.