Ƙunar da Babu a Yadin

Ta-Ƙurya tana taka keken ɗinki, amma idonta na kan Auta, ƙanwarta mai neman aiki, wadda ke ta juya yadin gwaji a kan tebur kamar mai neman allura.

Shekara shida tana ɗinki a ƙuryar shagon nan, har sunan ya bi ta. Ta san yadda Anti mai shago ke ɗaukar sabuwar tela: za ta ba ki yadi da 'yar ƙunar dutsen guga a ɓoye cikin ninki, ta ce ki yanka riga. In kin nuna mata ƙunar, kin samu aiki. In kin tura ta cikin kalmasa kin yi shiru, sai ta yaba ɗinkin, ta ce za ta neme ki. Ba ta nema.

Jiya Mama ta tsare Ta-Ƙurya, wai ciki ɗaya ba wasa ba ne, ta taimaki yarinya mana. Shi ne ta raɗa wa Auta sirrin. Alhali makon nan Anti ta ce Ta-Ƙurya za ta ba wa makullin sabon shago, su yi haɗin gwiwa, don ba ta taɓa kama ta da kwana-kwana ba.

Auta ta juya yadin sau uku, goshinta duk gumi. Can Ta-Ƙurya ta ga ta saci kallon ƙofa, ta sa bakin almakashi ta ɗan ɓula gefen yadin. Keken Ta-Ƙurya ya tsaya da kansa.

"Anti, kin ga yadin nan da matsala fa," in ji Auta, har da gyara murya.

Anti ta sauke tabarau, ta ɗaga yadin ta haska.

"Ikon Allah. Yau kam na manta ban ƙona shi ba, ashe ɓera ya taya ni. Ɓeran ma mai almakashi."

Sauran teloli suka sunkuyar da kai suna ƙumshe dariya. Anti ta yaba wa Auta kaifin ido, ta ce ta gaida Mama, za ta neme ta.

Har azahar Ta-Ƙurya ba ta ɗaga kai ba. Hannun riga ɗaya ta ɗinka a baibai, ta farke, ta sake. Anti kuwa har ruwan sanyi ta miƙo mata. Wannan ya fi zagi ciwo.

Da sauran suka fita cin abinci, ta je ta durƙusa gefen teburin yanka.

"Anti, ni na faɗa mata."

"Na sani, 'yar nan." Anti ba ta daina zana alli a kan yadi ba. "Tun safe nake jira in ga ko za ki nuna min, ko kalmasa za ki yi."

Ta buɗe jaka, makullin ya yi ƙara a ciki. Zare ta ciro, ta haɗa da yadin da Auta ta ɓula, ta miƙa mata.

"Ki gyara wannan tukuna. Kada ki ɓoye ɗinkin, ki bar shi ana gani."

Ta-Ƙurya ta koma ƙuryarta. Sau huɗu tana gwadawa kafin zaren ya shiga allura.