Gurbina a Layin Kabewa

Shekara ashirin da shida ina cafe kabewa a bakin kogin Yamai. Jirgi zai zo daga wajen Tillaberi cike taf, taɓo ya hana shi matsowa gaɓa, sai mu ƴan dako mu jera cikin ruwa, taku uku tsakanin mutum da mutum. Na cikin jirgi ya jefo, ka cafe, ka juya, ka jefa wa na gaba, har ta kai tudu inda kamiyo, babbar motar kaya, ke jiran kai ta kasuwar Petit Marché. Matar da za ta yanka ta a miya ba ta san hannu nawa ta ratsa ba, kuma ba ruwanta.

Ƙa'idarmu ɗaya ce: wanda layi ya tsaya saboda shi, ya fita. Shef Zakari, shugabanmu, ba ya korar kowa da baki. Washegari dai za ka tarar da wani tsaye a gurbinka.

Tun damina kafaɗata ta dama take ci mini tuwo a ƙwarya. Matata Hauwa ta shafa man kaɗe har ta gaji, ni ma na gaji, amma ban taɓa yar da kabewa ko ɗaya ba. Har ina yi wa kaina kirari a zuci, wai tsoho bai mutu ba.

Ranar Talata jirgi uku suka iso tare. Mahamadou na hagu da ni, Isma'ila na dama, kamar kullum. Wajen hantsi, a jirgi na biyu, kafaɗar ta riƙe ƙam. Na sunkuya na dafa gwiwa, ina jiran ihun Zakari daga tudu.

Shiru. Na ɗaga kai, sai ga wata ƙatuwar kabewa ta wuce ta saman ƙeyata, daga hannun Mahamadou zuwa na Isma'ila. Wata ta biyo ta. Layi na tafiya abinsa.

Sai lokacin na duba ƙafafunsu. Taku ukun nan babu shi. Kowannensu ya matso kusa da ni, har in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Ba yau suka fara ba. Ramin da ƙafarsu ta saba zama cikin taɓo ya nuna. Ashe watanni ke nan suna ɗauke da ni, ni kuwa ina ta kirari. Kunya ta kama ni, ta fi ciwon zafi.

"Tun yaushe?" na ce.

Mahamadou bai dube ni ba. "Kala suuru, yi haƙuri, Baba Halidu. Miƙe, Shef na kallo."

Na miƙe, na buɗe hannu. Ya bar manya biyu suka wuce, sannan ya karɓi wata ƴar ƙarama, ya jefo mini ita a hankali, daga ƙasa, yadda ake jefa wa yaro lemu.

Na cafe.