Minti Bakwai na Kaset ɗin Malam Badamasi

Gajen haƙuri zan yi magana a kansa, irin wanda mutum zai taso takanas neman shawara amma ya kasa zama ya ji ta. Shi ya ci Abdullatif, ɗan marigayi Dada na Kaikai, kuma a gabana aka yi.

Baffansa, Malam Badamasi, abokina ne tun muna samari. Ni ban yi boko ba, shi kuwa malamin gona ne a Kankiya har ya ajiye aiki. Da can aka tura shi kwas Zariya, ya dawo da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi allon karatu girma ba. Ba ta nuna komai sai an jona ta da talabijin, ba ta riƙe komai sai an ɗauka a kaset. Yaren da ake yi mata umarni da shi Besik sunansa, kowane layi da lambarsa: goma, ashirin, talatin. Na taɓa tambayarsa abin da ya hana shi ƙirga ɗaya, biyu, uku kamar kowa. Ya ce fili ake bari a tsakani, don in an yi mantuwa a sami wurin cusa ta.

Har yau in ya buɗe akwatin da take ciki fuskarsa sai ta saki. Yakan ce mini, "Lawal, wannan abin da na gaya mata shi take yi, in na yi kuskure ta nuna mini layin. Na yanzu kuwa su ke gaya maka abin da za ka yi."

Shekara talatin da wani abu yana zuba mata ranar ruwan farko a ƙauyukan Kaikai da Boko da Mawashi, da zurfin laima, da kwanakin da aka yi kafin wani ruwan. Kansa ba ya riƙe su yanzu, amma suna cikin kaset.

Abdullatif ya gaji gonar ubansa da wani irin gero na kakansu mai saurin nuna, wanda babu mai shi a Kaikai sai su. Ƙwari sun ɓata rumbu bara, tiya goma sha biyu kawai ta tsira. Da aka yi ruwa ran Talata, mahaifiyarsa ta ce kada ya sa ƙwaya ɗaya a ƙasa sai ya je Kankiya ya ji ta bakin baffansa. Da hantsin Laraba sai ga shi a kan babur, muna zaune a zaure.

"Baffa, an yi ruwa jiya. Inna ce ta matsa sai na zo."

"Laima ta kai ina?"

"Kamar yatsa huɗu."

"To zauna, mu tambayi tsohuwa."

Badamasi ya tayar da janareta, ya jona wayoyi, ya danna kaset. Wani ƙara ya tashi mai tsinin gaske. Minti bakwai take ɗauka kafin ta haɗiye abin da ke cikin kaset, wannan ni ma na sani. Ana minti na uku sai ta ƙi.

Abdullatif ya yi dariya. "Baffa, wannan ba ta rasu ba kuwa? Wayata ta ce akwai ruwa ran Juma'a."

"Wayarka ta taɓa zuwa Kaikai?" Badamasi ya mayar da kaset baya da biro, ya goge kan rikoda da bakin rigarsa, ya rage muryarta kaɗan, ya sake danna kaset daga farko. "Da muna samari har yini guda mukan yi a kan layi ɗaya, ba mu gaji ba."

"Ku ai ba ku da mutum shida suna jiranku a gona da sungumi."

Na ce masa, "Kai Abdullatif, zauna. Ko shayin nan ba ka sha ba."

"Baba Lawal, in ta farfaɗo ku gaishe ta."

Da ƙyar ya ƙara minti biyar, ya tashi ya hau babur. Bai kai kan kwalta ba rubutu ya fito a talabijin. Badamasi ya buga rana da zurfin laima da yatsa ɗaya, a hankali, yana matso da tabarau. Amsa ta fito: sau tara aka yi irin wannan ruwan a irin wannan lokaci, sau bakwai fari ya biyo baya fiye da mako biyu.

Ya kira wayar yaron sau huɗu, ba a ɗaga ba. Sai bayan la'asar ya ɗaga, ya ce sun gama, duk irin ya shiga ƙasa. Badamasi bai yi masa faɗa ba. Ya ce Allah ya ba da ruwa, ya naɗe wayoyinsa.

Juma'a hadari ya haɗu ya watse. Gero ya tsiro da laimar da ya samu, ya yi kore kwana biyar, sannan ya fara lanƙwashewa. Kwana ashirin da uku ba a ga ɗigo ba. Ranar da ruwa ya dawo na tarar da Badamasi ya sake kunna na'urarsa yana ƙara mata lissafin bana.

Ga abin da Abdullatif ya rasa. Tiya goma sha biyu ta iri, ko zangarniya ɗaya ba ta fita ba. Takin zamani buhu uku da ya zuba tare da shukar. Aikin mutum shida na yini guda. Ya sake shuka da irin kasuwar Kusada, ya sami dami goma sha ɗaya a gonar da ubansa ke ɗaure arba'in. Geron kakansu kuwa, daga wannan damina babu shi a Kaikai.