Babin Masu Shigowa

Mu biyar ne a sashen kwamfuta na kamfaninmu, ni kaɗai ce mace, kuma ni na fi su takardu. Da aka sayo manhajar katangar tsaro, wadda ke tace abin da zai shiga kwamfuta da abin da zai fita, Oga ya raba wa maza aikin ɗora ta. Ni kuwa ya ce in rubuta littafin yadda ake saita ta, tunda mata sun fi haƙurin rubutu. Dogo, mai tebur kusa da nawa, ya fara kirana Sakatariya. Na ƙudura sai na rubuta littafin da su kansu za su riƙa buɗewa a ɓoye.

Don kada in rubuta abin da ban gwada ba, na ɗora manhajar a kwamfutata ta gida, na yi ta jera ƙa'idoji ina gogewa.

Lokacin maigidana yana wata na biyar a wani wurin haƙar ma'adinai, can inda waya ba ta kamawa. Sai ya shigo gari sau ɗaya a wata yake kiran Hajiyarsa a tsaye. Ni da shi ta kwamfutar ɗakin hutun ma'aikatansu muke ganawa, ran Lahadi da ƙarfe huɗu. Ganawarmu ta ƙarshe faɗa muka yi. Ya ce in ajiye aikin da ba a ganin darajata, na ce ba shi ya zauna mini jarrabawa ba. Na kashe kiran, na yi alkawari ba zan fara nemansa ba.

Lahadi goma sha ɗaya ina zama gaban allon kwamfutata da mayafin da yake so, ina cewa aiki nake. Ko ƙararrawa ɗaya. Rigarsa ta aiki na nan a bayan ƙofa, ban wanke ba, ban kuma taɓa ba. Hajiya ta zo da kanta ta ce ya gaya mata yana kira ba na ɗagawa. Na durƙusa na ce wallahi bai kira ba. Ta dube ni kawai ta ce Allah ya kyauta. Na fi jin ciwon wannan kallon da duk tsokanar Dogo.

A ofis na kai babin masu shigowa, wato kira da saƙonnin da ke neman shiga kwamfuta daga waje. Na rubuta cewa manhajar tana karanta ƙa'idoji daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Na kuma rubuta cewa hanawa iri biyu ce: akwai ƙi, inda mai kira zai ga an mayar da shi, akwai jefarwa, inda ba ya ganin komai, sai ya yi ta jira. Babin yana buƙatar hoton rajistar abin da aka hana, don haka ran Asabar da hantsi na buɗe tawa ta gida.

Adireshin kwamfuta ɗaya ne ya cika shafin. Lahadi, huɗu daidai. Huɗu da minti biyar. Huɗu da kwata. An jefar, an jefar, an jefar. Ƙa'idar da na yi don ta buɗe masa hanya tana layi na bakwai, a ƙarƙashin wadda ke jefar da kowa. Da hannuna na jera su haka. Lahadi takwas ya yi yana kira, ukun ƙarshe babu shi.

Na ja ƙa'idar zuwa sama. Ko minti ɗaya aikin bai ci ba.

Washegari huɗu ta yi, ta wuce da minti ashirin, shiru. Na tashi na zuba ruwa ban sha ba. Na dawo na danna kira.

Wani mai gemu da hular kwano ne ya bayyana, yana tauna wani abu. Na faɗi wanda nake nema.

“Au, ke ce Madam? Ai mun ɗauka ƙirƙiro ki ya yi don ya riƙa kama kujera. Yanzu wanki yake yi ran Lahadi. Kada ki kashe, don Allah, in kika kashe, ni zai daka.”

Ya fita yana jan takalmi. Allon ya rage kujerar roba, da fanka tana juyawa, da wata taga mai ƙarfe. Na gyara mayafina, na janye hannuna daga kan maus na sa a cinya.