Kwamfutoci Goma Sha Huɗu a Bayan Mashin

Shekarar da Ƙungiyar Manoman Rani ta Bakin Rima ta samu kyautar kwamfutoci goma sha huɗu, an yi taro, an yanka rago, an ɗauki hoto. Sai da aka cinye ragon aka tuna babu wanda ya san inda ake kunna su. Shi ne aka ɗauki Jelani aiki.

Jelani mutumin Sisawa ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato. An rarraba injinan a ofisoshin ƙungiya, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo. Aikinsa ya ɗora wa kowace manhajar da za ta riƙa tsara layin ban ruwa: wa ke da ruwa Litinin, wa ke da Talata, awa nawa. Saura mako uku a saki ruwan madatsa cikin magudanai. Ciyaman, Alhaji Mainasara na Magarya, ya faɗa a gaban kowa cewa in ranar ta zo ko kwamfuta ɗaya ba ta aiki, Jelani ya ajiye makullan ofisoshin.

Kamfanin da ke sayar da manhajar ya shirya ta gida biyu, kowa ya zaɓi wanda ya dace da shi. Jelani ya tsaya gaban kwamiti ya yi bayani yadda ko jaki zai gane.

"Fayil na farko babba na, komi na cikinai. In sa shi ga filashi, in bi ofis ofis, minti goma an gama, ba ruwana da intanet. Na biyu ƙarami na, ba komi cikinai sai hanya. In an kunna shi, sai shi tahi intanet shi jawo sauran, kowace kwamfuta da nata jan. Babban za mu saye."

Alhaji ya gyara zaman hula.

"Ƙaramin, mi ag girmanai?"

"Bai kai hoto guda na waya ba."

"Kuma in an sa shi, sai shi girma shi cika injin?"

"In da sabis, ranka shi daɗe."

Wannan ta ƙarshe ba ta shiga kunnen Alhaji ba. Babban mutum in ya samu amsar da yake so, kunnensa rufewa yake.

"Ku ji mini yaro," in ji shi. "Shekara arba'in ina noman albasa. Kun taɓa ganin wanda yat tahi kasuwa ya sayo buhun albasa don shuka? Iri aka saye. Gwangwani guda shi cika gona. Wanga ƙaramin shi na iri. Babban na ragwaye na."

Mu'azu sakatare, wanda tun da aka haife shi bai taɓa jin Alhaji ya yi kuskure ba, ya girgiza kai don mamaki. "Wallahi Alhaji, da kai boko da Turawa sun koma gida."

"Ranka shi daɗe," in ji Jelani, "ofisoshinmu tara na ƙauye. Sisawa ko gaisuwa za ka yi ga waya sai ka hau rumbu."

"To ka hau rumbun. Albashin mi muka ba ka?"

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Ƙaramin ya ɗan fi araha, wannan kuma ya kashe bakin sauran masu shakka. Aka saye shi.

Guda biyar na cikin gari sun ci masa mako ɗaya cur. Manhajar takan jawo kanta har kashi casa'in cikin ɗari, sabis ya ɗauke, ta koma ɗaya kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Taran ƙauye kuwa ko motsi ba su yi. Tunda sabis ba ya zuwa wurinsu, su za su je wurinsa.

Jelani ya yanka tsohuwar katifa. Kowace safiya yakan naɗe kwamfuta ɗaya a ciki, ya ɗaure ta bayan mashin da igiyar roba, allonta a kan tanki tsakanin cinyoyinsa, ya kama hanyar yashi zuwa Wurno. Akwai rumfar Isa mai faci a bayan tashar mota, daidai gindin ƙarfen sabis. Nan yake aron wuta daga janareta, ya zauna a kan taya yana kallon lamba tana rarrafe.

"Likita!" Isa kan ce in ya hango shi. "Yau wace mara lahiya munka samu?"

"Ta Rabah."

"Allah shi ba ta lahiya. Jiya waccan har La'asar tana naƙuda. Wai shi Alhajin naku ya san da wanga jigila?"

"Ya ce iri na."

"Iri? To ai ga shi kana dashe."

Yana ɗauke da ta bakwai mashin ya faɗi da shi a gangaren wani kwalbati, allon ya tsage, gwiwarsa ma haka. Gwiwa dai ya ɗaure da tsumma. Neman wani allon ya ci kwana biyu. Ya je gidan Alhaji ya roƙi a kira kamfani a canza da babban, ya ce har yanzu lokaci bai ƙure ba. Alhaji yana kan tabarma ana yanke masa farce. Ya ce magana ta kwamiti ba a tashinta, kuma ya lura 'yan boko ba su son wahala.

Ranar sakin ruwa ta zo da goma sha biyu suna aiki. Biyu ba su samu shiga ba, ɗaya kuwa ta Magarya ce, garin ciyaman. Ba jerin sunaye, sai kowa ya tuna cewa shi ne na farko. Mutum huɗu suka fasa magudana ɗaya a lokaci guda. Ruwa ya kwanta a kan dashen albasar Alhaji har ganye ya ɓace.

Washegari aka kira taro. Alhaji bai yi doguwar magana ba, ya miƙa hannu. Jelani ya zaro makullai goma sha huɗu a zare ɗaya ya ɗora a tafinsa.

"Alƙawari alƙawari na," in ji Alhaji. Ya juya ga kwamiti. "Na kwana ina tunani. Wanga ƙaramin abu bai dace da ƙauye ba. Akwai wani babba, komi na cikinai, ba ruwanai da sabis. Shi ya kamata mu saye."

"Allahu akbar," in ji Mu'azu, yana rubutawa. "Alhaji ya hango nesa."

Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Sai wani dattijo daga Goronyo, Malam Lawwali, ya yi gyaran murya.

"To in an sayo, wa ka sa shi?"

Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ƙofa, inda Jelani ke sunkuye yana neman takalminsa cikin na jama'a.

"Malam Jelani," in ji Mu'azu da murya mai laushi, "ai minti goma kac ce, ko?"

Jelani ya samu takalmin, ya kaɗe shi, ya sa.

"Minti goma na, ga mai makulli."

Ya ɗingisa zuwa mashin ɗinsa. Ya kwance katifar ya jingine ta a bangon ofis, tunda kayan aiki ce, ya tayar ya kama hanyar Sisawa.